Akwati Na Ashirin Da Uku

"Ki ajiye hoton nan tukuna, Kulu."

Kouloussoum, wato Kulu, ta ɗago kai, hannuwanta cikin farar safa, hoton wani tsohon Bature a tsakanin yatsunta.

"Don mi?"

"Kada ki yar da shi."

"Wata bakwai ina juya hotunan tsohon nan, ko ɗaya bai taɓa kuɓuce mini ba. Faɗi maganarka, Malam Sirajo."

Sirajo ya waiga ƙofa. Madam Lucia, shugabar ɗakin adana takardu na laburaren jami'a, ta fita shan kofi, kuma kofinta ba ya ƙarewa ƙasa da minti ashirin, don sai ta tsaya ta ji wa aka ƙara wa girma, wa aka hana. Ya gyara tsayuwa.

"Aurenki nake so in yi."

Hoton ya kuɓuce.

Allah Ya taimaka kan teburi ya faɗa, ba ƙasa ba. Kulu ta bi shi da kallo kamar shi ya yi maganar. Kunnuwanta suka yi zafi, ta ja gyalenta gaba, ta ƙura wa gashin bakin tsohon ido.

"Kulu..."

Ta daidaita hoton a kan teburi.

"Na san ba za ki amsa da baki ba. Ke da ko shayi aka ce kina so sai kin nemi shawarar takalminki."

"Malam Sirajo, don Allah..."

"To ji. Ki rubuta. Ki sa a cikin akwati kamar yadda muka saba, duk wanda kika ga dama, zai iso ni. In kuwa a'a ce, kada ki rubuta komai. Zan gane. Ba zan sake tambaya ba, ba zan sa ki jin nauyi ba, aiki kawai za mu ci gaba da yi."

"Har abada ba za ka sake ba?"

"Na yi alkawari."

Da ya san abin da alkawarin nan zai ja musu, da ya ciji harshensa. Amma namiji in yana son ya nuna shi mai kawaici ne, ai ba ya jin kira.

Tsohon da ke cikin hoton sunansa Otmar Velinski, ya rasu shekara uku kafin nan. Irin mutanen nan ne da ke tsayawa gaban makaɗa kusan ɗari da 'yar sanda a hannu. Shi bai busa ba, bai kaɗa ba, bai goga ba, sai karkaɗa hannu kamar mai korar ƙuda daga nono, amma in an tashi tafi shi ake wa, jarida ma sunansa take bugawa. Ya zaga duniya, da tsufa ya kama shi ya zo ya zauna a Summerfield, wani ƙauye nan kusa, wajen 'yarsa mai kiwon dawakai. Da ya mutu, 'yar ta kwashi takardunsa akwati sittin da ɗaya ta ba laburare. Rabin wasiƙun da Faransanci suke, shi ya sa aka ɗauki Kulu, 'yar Maraɗi, da ta yi bokonta da Faransanci kafin ta zo nan garin Greensboro wajen ƙanwar mahaifiyarta, Tanti Fassouma, da mijinta da take kira Tonton.

Aikin yana da doka kamar masallaci. Ba a shiga da biro, sai fensir. Ba a taɓa hoto sai da safa. Kulu ta karanta wasiƙa, ta rubuta a 'yar takarda wa ya aiko, yaushe, kan me, ta jera a fayil. In akwati ya cika ta ɗora shi kan keken turawa a bakin ƙofa. Sirajo, ɗan Funtuwa mai karatun digiri na biyu, shi ke tura keken zuwa ɗakinsa, ya ɗauki kowace takarda a na'ura ta shiga kwamfuta.

A cikin akwatunan nan abin ya fara. Wata rana Sirajo ya buɗe fayil ya ga hoton tsohon ya wage baki, hannuwa sama, a gefe kuma ga 'yar takarda da Hausa: "Tsoho ya hango tuwo." Ya yi dariya har Madam Lucia ta leƙo. Da akwatin ya dawo, Kulu ta tarar da amsa: "Ba tuwo ba ne, matarsa ce ta shigo da muciya." Tun daga nan akwati ba ya wucewa babu saƙo. A baki kuwa, "ina kwana" da "sai gobe".

Ranar Talata ya yi maganar auren. Laraba Kulu ta fere fensir uku ba ta rubuta komai ba. Alhamis ta kai ƙarshen akwati na ashirin da uku.

Wannan akwati shi ne mai nauyi. Wasiƙu ɗari da arba'in ne da tsohon ya rubuta wa wata mai gogen Turawa a Faransa, shekara goma sha tara yana rubutawa, alhali matarsa na gida tana goge masa riguna. Bayan matar Faransan ta rasu danginta suka ɗaure su da zare suka mayar masa. Kulu ta karanta su duka, wasu har sau biyu, kuma ba don aiki ba. A takardar jerin da ake ba Madam Lucia ta rubuta gaskiya tsirara, yadda aka koya mata: wasiƙun soyayya zuwa ga wata mace da ba matarsa ba.

Wataƙila zafin wasiƙun ne ya ba ta ƙarfin hali. Ta ɗauki 'yar takarda ta rubuta.

"Na yarda, Sirajo. Na daɗe da yarda, kai ne mai nawa. Tonton zai yi gardama, na san shi. In ya kore ka, ka dawo. In ya sake kora, ka sake dawowa. Kada ka gaji da ni. Kulunka."

Ta cusa ta a fayil na ƙarshe, ta rufe akwatin, ta ɗora kan keke, ta fita da sauri kamar wadda ta saci nama a tukunya.

Daga nan shagon kitson Tanti Fassouma ta nufa, a High Point Road, tsakanin mai sayar da tsofaffin motoci da kantin 'yan Biyetnam. Shagon nan, in kana son labarin Hausawan Greensboro, ba sai ka sayi katin waya ba. Ka zauna kawai a ba ka gashin doki ka riƙe.

Tana shiga ta ga Nasiba zaune a kujerar tsakiya, an raba mata kai gida huɗu. Nasiba 'yar garin su Sirajo ce, tana karatun jinya, fara, mai fara'a, irin fara'ar da in ta yi maka sai ka laluba aljihunka. Shekara biyu tana kai wa Sirajo miyar kuka a roba da sunan zumuncin gari. Shi kuma sakarai, jiya Laraba ya same ta yana tambayar wane irin turare 'yan Nijar suke so.

"Ga amaryarmu," in ji Nasiba.

Tanti Fassouma ta tsayar da hannu. "Amaryar wa?"

"Au, Anti, ba ki sani ba? Wayyo, bakina. Na ɗauka an gama magana. Yaya Sirajo mana."

"Wane Sirajo? Mai gilashin nan da ke sauke ta in ana ruwa?"

"Shi. Yaron kirki ne wallahi, ba ruwansa. Mutum ba zai taɓa cewa ɗan gidan Sarkin Kiɗa ba ne."

Shagon ya yi tsit. Har matar Ghana da ke wanke kai a lungu ta rage famfo.

"Sarkin mi?" in ji Tanti.

"Kalangu, Anti. Babansa ke yi wa mahauta kiɗa a kasuwarmu. Ai ko bikin yayata shi ya yi wasa, mun yi masa liƙi sosai. Ba abin kunya ba ne, sana'a ce."

Tanti Fassouma ta juyo ta dubi Kulu tun daga gyale har takalmi.

"Ke ɗiya. Dama abin da kike yi ke nan a laburaren? Mu muna cewa karatu, ashe takardun makaɗi kike shafawa, ɗan makaɗi na tura miki keke?"

"Tanti, digiri na biyu yake..."

"Ko na goma ne. In kin haihu a ce jikan wa? Uwarki ta ba ni amanarki, in buga mata waya in ce mi? In ce mun samo mata surukin da za a yi wa liƙi?"

"Anti, don Allah kar ki yi fushi, ni na ja," in ji Nasiba, tana duban madubi tana gyara gira.

Washegari Juma'a Kulu ba ta zuwa laburare, ranar ajinta ce. Da yamma Tonton Tassiou, mijin Tanti, ya dawo gida yana taku ɗai-ɗai kamar wanda ya ci zaɓe. Ya ajiye makullin tasinsa, ya zauna, ya ce a ba shi ruwa.

"Na gama da shi," ya ce. "A wajen ajiye motoci, ana fitowa masallaci. Na ce, samari, mu gidanmu ba mu haɗa jini da maroƙa. In biki ya tashi za mu neme ku. Na ƙara da cewa yarinya ma an yi mata miji."

"Wane miji, Tonton?" Kulu ta tambaya daga ƙofar kicin.

"Za a samu. Bon, ai magana ce."

"Gaban mutane ka faɗa masa?"

"Mutum shida ko bakwai. Bai ce komai ba, ya cire hula ya mayar. Yana da ladabi, wannan ban hana shi ba."

Kulu ta koma kicin ta buɗe famfo don kada a ji ta. Abu ɗaya ya riƙe ta: takardar. Ta riga ta gaya masa za a kore shi, ta ce ya dawo. Yanzu haka ya karanta. Zai ji zafi kwana biyu, ranar Litinin ta tarar da amsa.

Litinin ta zo. Ta riga kowa isa. Ta duba teburinta, ta duba ƙarƙashin fayil, ta duba har cikin kwalin safa. Babu komai.

Ƙarfe goma ya shigo ɗaukar keke. Ya rame a kwana uku, idanunsa sun faɗa.

"Ina kwana, Malama Kouloussoum."

Malama Kouloussoum. Ba Kulu ba.

"Lafiya lau." Ta juya fensir a hannu. "Ka... ka gama da akwatunan?"

"Duk abin da aka turo mini na gama."

"Duka?"

"Takarda ɗaya-ɗaya na bi. Har sau biyu."

"To... ba ka da abin cewa?"

Ya dube ta, ya yi wani murmushi da gara kuka da shi.

"Me zan ce? Na fahimta. Allah Ya sa haka ya fi alheri."

Ya tura kekensa ya fita, ƙafar keken ɗaya na ƙara har ƙarshen baranda.

Kulu ta zauna kamar an zare mata laka. Ya karanta ke nan. Ya karanta "kada ka gaji da ni", ya gaji tun kora ta farko. An zagi ubansa gaban mutane, wa zai ga laifinsa? Ta ce ya dawo, shi kuwa ya zaɓi mutuncin mahaifinsa.

Za ku ce, ba ga waya a jakarta ba? Ba ga ɗakinsa taku ashirin ba? Haka ne. Amma budurwa ta buɗe baki ta ce "na yarda" har da "Kulunka", a share ta, sannan ta bi namiji tana tambayar ko ya gani? Ba 'yar Maraɗi ba. Ta gwammace ciwon ya cinye ta. Sau uku tana tashi ta nufi ɗakinsa, sau uku tana zarcewa banɗaki ta wanke fuska ta dawo.

Akwatuna suka ci gaba da tafiya. Ashirin da bakwai, talatin da biyar, arba'in. Ba tuwo, ba muciya. Takardun tsoho kawai: gayyatar cin abinci, rigima da masu gidan wasa, hotuna da sarakunan Turai. Wani lokaci in akwati ya dawo Kulu kan zazzage fayil ɗin duka, wai ko an manta wani abu. Ba a taɓa mantawa ba.

Robar miyar kuka kuwa ta koma kula mai hawa uku. Nasiba ta san hanyar laburare yanzu, har Madam Lucia ta san sunanta. Takan leƙo ɗakin Kulu ta ce, "Sannu da aiki, 'yar'uwa, kin rame fa, ko azumi kike?"

A watan Yuli aka ce an sa ranar Sirajo da Nasiba.

Tanti Fassouma da kanta ta kawo labarin gida, tana dariya. "Kin gani? Ita da ta tona shi, ita ta ɗauke. 'Yan Najeriya ba su da ƙyanƙyami. Ita ta sani, mu dai Allah Ya raba mu."

Kuma wa zai yi wa amarya kitso a Greensboro in ba Tanti ba? Ranar Alhamis ta makon bikin, Kulu ta tsaya awa biyar a bayan kujerar Nasiba tana miƙa gashi, tsinke-tsinke.

"Ki ja a hankali, 'yar'uwa, angon ba ya son in yi ciwon kai."

"To."

"Za ki zo walima ko? Ya ce lallai a gayyaci 'yan wajen aikinsa."

"In Allah Ya yarda."

"Hannunki rawa yake."

"Sanyin na'ura ne."

Ba ta je ba, ta ce zazzaɓi. Tonton Tassiou kuwa ya je, ya sha babbar riga, har da shi a shaidun ɗaurin aure, ya dawo da shinkafa a faranti biyu yana cewa naman ya yi taushi.

Kwana tara da bikin, aikin tsoho ya zo ƙarshe. Saura a buga babban jeri, wanda duk mai bincike zai duba ya san me ke cikin kowane akwati. Madam Lucia ta ajiye wa Kulu rajistar ɗakin ta ce ta kwafe bayanan cikin kwamfuta. Kulu na bugawa, ido na kan layi, hankali na wani wuri. Ashirin da ɗaya, an ɗauka a na'ura. Ashirin da biyu, an ɗauka.

Ashirin da uku.

Ta karanta. Ta goge ido ta sake karantawa.

"An killace bisa buƙatar iyali, Juma'a 7 ga Afrilu 2006. Ba a ɗauka a na'ura ba. Ba a buɗewa sai shekarar 2046."

Ba ta san lokacin da ta isa ofishin Madam Lucia ba, rajista a ƙirji.

"Madam, mene ne wannan?"

Madam Lucia ta sauke tabarau. "Oh, wannan. Ban gaya miki ba? 'Yar marigayin ce ta zo ranar, da tsakar rana. Ta ce a nuna mata inda aka kai. Na ba ta jerinki, ta karanta layin nan na wasiƙun soyayya, fuskarta ta yi ja kamar tumatir. Ba ta taɓa sani ba, kin gane. A nan ta kira lauyanta. Kafin ƙarfe biyu an naɗe akwatin an kai ɗakin sanyi na ƙasa."

"Daga kan keke aka ɗauke shi?"

"Daga kan keke."

"Sirajo bai..."

"Ya tafi sallarku ta Juma'a. Ko ganinsa bai yi ba. Ai akwatuna kan tsallake, wasu na wajen gyara, bai tambaya ba. Lafiya, Kulu? Zauna."

Kulu ba ta zauna ba. Ta dafa bango.

"Akwai takardata a ciki."

"Takardarki? Ta aiki?"

"A'a."

Madam Lucia ta buɗe baki za ta karanto doka, sai ta dubi fuskar yarinyar. Ta dubi ƙofar ɗakin Sirajo ta cikin gilashi. Matar nan ba banza take shan kofinta ba, nan take ta haɗa biyu da biyu. Ta rufe bakin.

"Oh, 'yata..."

"Minti ɗaya kawai, Madam. In zare ta, ba zan taɓa komai ba."

"Ko ni ban isa ba. An sa hannu, an buga hatimi. In na yanke wannan tef ɗin, aikina ya tafi, kuma matar za ta kwashe akwatunan duka." Ta mayar da tabarau. "In ma kin zare ta, me za ta yi miki yanzu?"

Wannan tambaya ita ta zaunar da Kulu.

Da hannunta ta rubuta layin da ya rufe akwatin. Da ta ce "wasiƙu zuwa ga abokiyar aiki", da matar dawakai ta wuce ba ta ko tsaya ba. Amma an ce ta rubuta gaskiya, ta rubuta.

Washegari ita ce ranar Sirajo ta ƙarshe. Ya samu aiki a wata jihar, shi da amarya za su tashi ƙarshen mako. Dokar ɗakin ta ce kafin ya miƙa makulli sai ya bi babban jerin, ya sa hannu gaban kowane akwati da ya ɗauka. Madam Lucia ta ajiye takardun a teburin Kulu, ta ɗauki kofinta, ta ce yau layin kofi zai yi tsawo ƙwarai.

Ya shigo da sallama. Sabuwar shadda, sabon agogo, har ya ɗan yi ƙiba.

"Malama Kouloussoum."

"Ango. Allah Ya sa alheri." Ta tura masa takardun da fensir. "Ka sa hannu a kowane layi."

Ya zauna a kujerar da ke fuskantarta, ya fara. Ɗaya, biyu, uku. Ba abin da ake ji sai ƙarar fensir. Kulu ta sunkuyar da kai, tana ƙirgawa a zuci tare da shi. Ta yi niyyar ba za ta ce uffan ba. Ya gani ko kada ya gani, Allah Ya zaɓa.

Fensirin ya tsaya.

"Ashirin da uku... wannan ban taɓa ganinsa ba." Ya matso da takardar kusa da gilashinsa. "Bakwai ga Afrilu. Ranar da kawunki ya..."

Bai ƙarasa ba. Ya ɗago a hankali.

Hawayen da ta hana tun jiya suka ci amanarta, ɗaya ya ɗiga kan teburi. Ta yi maza ta share da gefen gyale, don ba a jiƙa teburin takardu.

"Kulu."

Ta ci gaba da goge teburin.

"Kulu, dube ni. Yaushe kika gama wannan akwatin?"

"Alhamis."

"Kin sa wani abu a ciki?"

Ta gyaɗa kai.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya cire gilashin ya ajiye, ya rufe fuska da tafuka. "Na bi ashirin da huɗu, na bi ashirin da biyar, har fayil nake ɗagawa sama ina dubawa a fitila. Wata guda ina yi. Sai Nasiba ta ce kun yi magana, kin ce nauyina kike ji, ba ki san yadda za ki ce a'a ba."

"Ban taɓa magana da ita ba."

"Me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

"Na tambaya. Ka ce ka fahimta."

"Me ya sa ba ki sake ba?"

"Kai mi ya sa ba ka sake ba?"

"Na yi miki alkawari."

"To ka cika. Sannu."

Ya tashi ya je taga, ya dawo, ya sake zama. Hannunsa ya miƙo kan teburin har rabi, ya tsaya a nan. Ita ma ta ga hannun. Ta janye nata ta ɓoye a cinya.

"Zan sauka ƙasa in fasa shi," ya ce.

"A kore ka, a kori Madam, a kai ka kotu. Sannan ka koma gida ka ce wa amarya mi?"

"Kulu, wallahi da na gani, ko sau goma kawunki ya zage ni..."

"Kada ka faɗa." Ta ɗaga hannu ta tsayar da shi. "Don Allah kada ka faɗa. Da ban ji wannan ba zan fi iya tashi gobe."

Daga waje aka danna hon, gajere, sau biyu. Ta tagar ana hango jar motar Nasiba a bakin titi, gilashi a sauke, hannunta a waje, lalle har gwiwa.

Sirajo bai motsa ba.

"Me kika rubuta?"

"Ba naka ba ne yanzu."

"Sunana ne a kai."

"Sunan saurayi ne a kai. Kai mijin wata ne."

"Kalma ɗaya, Kuluna. In tafi da ita."

Ta runtse ido. Sunan nan da ta jira wata huɗu, sai yau ya zo, ranar da ba shi da inda za a ajiye shi.

"Akwai ranar buɗewa a takardar," ta ce. "Ka karanta."

"Dubu biyu da arba'in da shida. Zan kai shekara saba'in da ɗaya."

"To ka zo da tabarau mai ƙarfi. Da fensir na rubuta, kuma hannuna na rawa."

Ya yi dariya, dariyar ta koma wani abu dabam, ya danne ta da bayan hannu. Hon ya sake tashi, wannan karon dogo.

"Saura layi talatin da takwas," in ji Kulu. "Ka ƙarasa, ana jiranka."

Ya ƙarasa. Ya tsallake ashirin da uku, ya bar gurbin fari. Ya ajiye makulli kan takardun, ya tsaya a ƙofa kamar zai ce wani abu, sai ya ce, "Ki yafe ni."

"Ba ka yi mini komai ba. Allah Ya kiyaye hanya."

Ta saurari takunsa har ya ɓace a matakala. Ta ji an buɗe mota, an rufe, an ja.

Madam Lucia ta dawo ba kofi a hannunta. Ta dubi makullin, ta dubi Kulu, ta ɗauki jerin tana dubawa don ta samu abin yi da idonta.

"An gama ke nan," ta ce a hankali. "Sai dai ƙa'ida ta ce a rubuta adadin abin da ke cikin kowane akwati, ko da a rufe yake. Ashirin da uku, wasiƙu ɗari da arba'in ko?"

Kulu ta jawo takardar gabanta. Ta daɗe tana kallon gurbin.

Sannan ta rubuta: ɗari da arba'in da ɗaya.